Zogalen Malam Sabitu

Yelwa tana tsakar gida tana tsince shinkafa Habila, abokin mijinta, ya yi sallama a zaure, ba da muryar da ya saba ba. Da ta leƙa, keken mijinta ta fara gani a hannunsa yana turawa. Malam Sabitu ya yanke jiki ya faɗi a lambu, can Inkil, unguwar su Habila, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ta yi salati, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma da mata suka cika gida, sai ta ja Agnes, matar Habila, gefe ta ce, "Maman Roda, ya ci wani abu kafin nan?"

"Ya ci, Hajiya. Gwate na kai musu, har ƙari ya yi."

Gwaten nan dai! Tun ranar da likita ya ce jinin Malam ya hau, ya rage mai da gishiri, ya riƙa motsa jiki, Yelwa ba ta huta da jin labarinsa ba. Malam ya sayar da babur ya sayi keke. Shi da Habila, abokin aikinsa tun kafin su yi ritaya, suka kama fili a bayan gidan Habila suna shuka alayyafo da yakuwa da zogale, da kashin shanu kawai. Kullum da safe sai ya taka keke daga Ɗan Iya har can. Da yamma ya dawo ya zauna gaban tuwonta, ya ɗan taɓa, ya ce, "Yelwa, manjan nan ya yi yawa. Da kin ga na Maman Roda, ganye zalla da 'yar daddawa, ba dunƙule."

"To ka kwashe kayanka ka koma can mana."

Shi ya yi dariya, ita ta tsuke baki. Tun tana amarya take ciyar da mutumin nan, sai da furfura ta fito wata za ta koya mata miya?

Ta shiga takaba, ba fita. Ga rani ya kama, lambu kuwa ba ya jiran mai makoki. Agnes ce ta ɗauki ban ruwan. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da kwando cike da ganye, shar da shi.

"Ga na Malam, Hajiya. Ni da kaina nake ba shi ruwa, ba na bar wa kowa."

Maƙwabta suka yi ta sa mata albarka, wai ba a samun irinta. Yelwa ma ta yi godiya da baki. Agnes tana fita, Yelwa ta juye wa awaki. Abin da ke cinta shi ne, abu na ƙarshe da mijinta ya dasa da hannunsa yana can yana girma a hannun wata, ita ko inda yake ba ta sani ba.

Wata ranar Agnes ta zo tana fira, ta ce, "Zogalen bakin rijiyar nan, wanda Malam yake ce wa autansa, ya fara fure."

"Autansa? Ni bai taɓa gaya min ba."

"Ai ba ki taɓa zuwa ba, Hajiya. Ya sha cewa zai ɗauko ki a bayan keke, ki ce ke ba yarinya ba ce."

Har wannan ma ya ba ta labari. Yelwa ta ji kamar an watsa mata barkono a ido.

"Ki ce wa Baban Roda ya tono min shi."

"Da ranin nan? Mutuwa zai yi."

"Ya mutu a gidan ubansa."

Agnes ta murza bakin zanenta, ta ce, "Tonowa kam ba zan yarda ba, ki yi haƙuri. Mu ma ta nan muke ganin Malam. Reshe ya isa, in an kafa yana kamawa."

Ba su yi sallamar kirki ba ranar. Washegari Habila ya kawo rassa ɗaure da igiya, ya ajiye a zaure. Yelwa ta cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa da kashin awakinta, ta kakkafa. Yawanci suka bushe. Ɗaya ne ya yi taurin kai ya tsiro da 'yan ganyaye ƙanana kamar kunnen ɓera.

Takaba ta ƙare tuni, amma har yau ba ta taka Inkil ba. Duk wanda ya zo daga can sai ta nuna masa nata ta ce, "Tsakaninka da Allah, na Maman Roda ya fi wannan kore?" In ya yi jinkirin amsa, ba ya samun ruwan sha da wuri.

Famfon unguwa ba kullum yake kawo ruwa ba. Don haka in lokacin salla ya yi, takan ja 'yar kujerarta gindin buhun, ta yi alwala a kansa, ruwan hannunta da na fuskarta duk ya zuba a ciki.