Mutum Ne a Ciki

Tun da suka dawo Inugu bayan yaƙin basasa, Delu ba ta taɓa wuce ƙofar gidansu na Obiagu ba. Gari ya jiƙe da kuɗin mai, mijinta Kallamu na sayar da nama a Kasuwar Artisan har hannunsa ya gaji, amma ita ko muryar Ibo ta ji a bayan katanga sai ta shige ɗaki, don ba ta manta da gudun da suka yi ba. Ƙarshe ta ɗaure kayanta, ta ce jirgin ƙasan Litinin da ita zai tafi Kano. Hankalin Kallamu ya tashi, don yana son matarsa, kasuwar ma yana so.

Ran Asabar da la'asar ya ce ta zo ya kai ta wajen dodo, na bankwana. A Kudu soyayyiyar agada ake kira dodo, Delu kuwa a kan wannan ba ta da filako. Ta yafa mayafi ta bi shi, sai ga su a ƙofar sinima. Matar aure a sinima? Ta zabga masa harara, amma komawa gida ita kaɗai ya fi ƙarfinta.

Fim ɗin na araha ne, irin wanda Kallamu ya fi so, don a ganinsa masu tsadar surutu kawai suke cikawa. Wani ƙaton ƙadangare ya fito daga teku yana tattake gidajen kwali. Da zare ake jan wutsiyarsa, kowa na ganin zaren. Da ya juya baya kuwa, ga zif tun daga wuya har ƙugu.

Duk da haka wata 'yar Ibo da ke gefen Delu ta ƙwala ihu, ta cusa kanta cikin mayafin Delu. Delu ta sandare. Kallamu ya ce a ransa shi ke nan, garin neman gira ya rasa ido.

Can sai Delu ta ɗaga hannu a hankali ta dafa bayan matar.

"No fear, sista," in ji ta. "Na person dey inside. Mutum ne a ciki."

Matar ta leƙo, ta ga zif, su biyun suka yi ta dariya har na baya suka fara tsaki.

Da aka tashi suka kamo hanyar gida. Sai da Kallamu ya sa makulli a ƙofa Delu ta ce:

"Malam, Nkechi, wadda ta zauna gefena, ta ce Asabar mai zuwa fim ɗin gizo-gizo za su sa. Ka samar mana wuri a gaba."