Ayar da Ta Faɗo wa Ifan

Yajin aikin masu fasa dutse ya shiga hunturunsa na biyu lokacin da Ifan Pugh ya koma bakin aiki, saboda tari ya kwantar masa da 'ya'ya. Tun ranar garin ya juya masa baya. Aka farfasa masa taga, aka rataye masa kare a ƙofa, ranar Asabar kuma wasu suka tare shi a gada suka tsaga masa leɓe.

Duk da haka Lahadi da rana ya wanke fuska ya tafi ajin maza na majami'a, inda yake zama tun yana saurayi. Tsarin ajin bai taɓa sauyawa ba. Littafi Mai Tsarki guda ne babba, yana yawo hannu zuwa hannu; kowa ya karanta ayar da ta faɗo masa, a yi masa tambaya a kanta, ya miƙa wa na kusa. Wanda aka ƙi karɓa daga hannunsa ya fita daga ajin ke nan har abada, shi kuwa Ifan ajin nan kaɗai ya rage masa.

Ya tarar an bar masa gurbi a tsakiyar benci, gefen Meurig, wan matarsa, wanda yatsunsa ke kumbure tun jiya. Abin ya ba shi mamaki, sai da karatu ya matso ya gane. Sun ƙirga ayoyin, sun shirya zaman, don ayar da Yahuza, almajirin da ya ci amana, ya je cinikin sayar da Ubangijinsa ta faɗo masa.

Ya karanta ta, leɓen na tsattsafo jini. Tsoho Gwilym, baduku, mai jan ajin, ya tambaye shi yadda aka saba, me ya kai Yahuza ga haka. Wani daga baya ya ce ai yau an samu gwani, a saurara.

"Ban sani ba, Baba," in ji Ifan. "Ba a dai ce yana da 'ya'ya masu tari ba. Ba a kuma ce sauran almajiran sun tare shi a gada su biyar ba."

Meurig ne ya fara, ya kai masa gwiwar hannu a baki. Ifan ya rungume Littafin da hannu guda, ya sa goshi ya fasa masa hanci. Benci ya kife. Wani ya zaro ƙarfen tonon murhu ya sauke wa Ifan a kafaɗa, aka kai shi ƙasa, takalman ƙusa suka yi ta aiki a haƙarƙarinsa. Meurig ya taka masa hannun dama har aka ji ƙarar ƙashi. Gwilym yana ta bugun tebur yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, har da na iyayensu, kafin suka ja da baya suna haki.

Tsohon ya ce a tada benci, ba a tashi aji ba. Aka zazzauna. Ifan ya rarrafo ya hau gurbinsa, ya tofar da haƙori a tafinsa, ya miƙa wa Meurig Littafin da hannun da aka karya.

Meurig ya harɗe hannuwa yana kallon bango. "Ajiye a benci, maci amana. Ba na karɓar komai daga hannunka."

Ifan bai ajiye ba. Littafin na da nauyi, hannun kuma a karye, kowa ya zuba ido. Ya san mutanen nan ciki da waje: za su iya kashe mutum, amma ba za su iya kallon Littafin nan ya faɗi cikin jini da tofin taba ba. Sai kawai ya saki yatsunsa.

Meurig ya cafe kafin ya kai ƙasa.

"Ai ka riga ka karɓa, ɗana," in ji Gwilym. "Karanta taka."

Meurig ya daɗe yana huci. Can ya share hanci da hannun riga, ya sa yatsa yana laluben wurin da aka tsaya.