Saje Yana Tsaye

Ni ce mai rubuta bayanan zama a majalisar birninmu, shekara tara ke nan. Aikina na kunne da yatsu ne, baki ba ya ciki. Teburina yana ƙarƙashin dandamalin Shugaba, kusa da wata fanka da ta fi tausayin bango a kan mutane. Duk abin da aka faɗa a zauren nan ina da shi, har wanda mai shi yake addu'ar an manta.

Bara aka ware wa tsofaffin sojoji kujera ɗaya a majalisa. An sha tafi, an ɗauki hotuna. Su kuma suka turo Saje, wani dogon dattijo da kullum rigarsa take shan guga. Shi ne farkon zuwa kowane zama. Wata shida yana zuwa, wata shida ina rubuta abu ɗaya a gaban kujerarsa: babu bayani.

Da an kai tsakiyar zama sai ya miƙe, ya haɗe dugadugansa, hannuwa a gefe, ido a kan Shugaba. Haka zai ƙame har a tashi. Kansiloli kuwa ana ta ɗaga hannu, ana katse juna, babu mai kallon inda yake. Shugaba ta ɗauka bayansa ke ciwo, har ta sa aka kawo masa kujera mai laushi.

Sai kansilan unguwar kasuwa, wanda muke kira Lasifika a bayan idonsa, ya kawo ƙudurin a soke kujerar. Ya ce an ba su baki sun ƙi buɗewa, to amfanin me? Aka sa ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a.

Ranar Talata na tare Saje a baranda. Na ce masa in yana da magana ya ɗaga hannu kamar kowa, in ba haka ba kujerar nan ta tafi. Ya dube ni kamar na ce ya zagi wani.

"'Yata, shekara ashirin da takwas ban ɗaga wa na gaba da ni hannu ba sai don in sara masa. Soja in yana da magana tsayawa yake yi, har a ce ya faɗa."

Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu ya nuna min, cike taf da rubutu. Kunya ta kama ni ƙwarai. Ashe mutumin nan wata shida yana neman izini a gaban idona, ni kuma ina rubuta babu.

Alhamis ta zo. Lasifika ya fara zuba, Saje ya miƙe. Ni kuma na ɗauke yatsuna daga kan na'urar rubutu. Wanda bai san zaurenmu ba ba zai gane ba, amma ƙarar bugun nan kunnuwa sun saba da ita, da ta ɗauke kowa sai ya ji. Shugaba ta leƙo ta tambaya ko na'urar ce ta lalace.

"Lafiyarta ƙalau, ranki ya daɗe. Akwai wakilin da ya nemi magana tun wata shida da suka wuce. Ga shi can a tsaye."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cire tabarau. "Saje, kana da magana?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

"Muna jin ka."

Bai ko buɗe littafin ba. Ya ce an ɗauke tashar bas daga ƙofar asibiti an kai ta bayan shataletale. Ya auna da ƙafarsa, taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Shi minti biyar ya ishe shi, amma wani Kofur mai ƙafar roba sai ya yi minti ashirin da biyar, kuma babu benci ko ɗaya a hanya. Mutum goma sha tara cikin tsofaffin sojoji sun daina zuwa ganin likita, yana da sunayensu. Masu juna biyu da tsofaffi ma haka suke jan ƙafa. Ya ce jikin katangar kantin magani akwai wurin da bas zai tsaya ba tare da ya tare hanya ba, shi ma ya auna. Minti huɗu ya yi yana magana, babu kalmar da zan iya cirewa.

Lasifika ya yi gyaran murya ya janye ƙudurinsa, ya ƙara da cewa dama abin da yake so ke nan, a ji ta bakinsu. Na rubuta masa haka, ban rage komai ba.

Shugaba ta ce duk mai goyon bayan a mayar da tashar ƙofar asibiti ya ɗaga hannu. Hannuwan kansiloli duka suka tashi, na fara ƙirga. Saje yana nan a ƙame, domin babu wanda ya ce ya zauna. Shugaba ta lura, ta buɗe baki za ta ba shi izini.

Bai jira ba. Ya waiwaya ya dubi kujerar nan mai laushi, ya jawo ta, ya zauna. Sannan a hankali ya ɗaga hannun dama, ya wuce goshi, ya miƙe shi har sama.

Na ƙirga da shi. Goma sha uku.