Harsashi Na Goma Sha Biyu

Mai gyaran firiji ne, amma tun da ya sayi bindiga ya koma masanin tsaro. Matarsa ta yi magiya har ta gaji kan ya sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye ta, ya ƙi.

“Akwati ai talla ne ga ɓarayi, Maman yara. Dabara ake yi.”

Dabarar kuwa ita ce: bindiga a saman kabad, harsasai a wani wurin daban, kuma kowace Lahadi ya sauya musu maɓoya. Yau cikin safa, wani makon bayan rediyo. Mutumin da ke neman tabaransa alhali yana kan hancinsa, wai shi ne mai ɓoye wa yara abu.

Ranar da jami'in lasisi ya zo duba ajiyar, gogan namu ya sha kaya masu guga. In ajiyar ba ta yi ba, a ƙwace bindigar, shi kuma ba ya da abin fariya a unguwa sai ita. Ya sauko da ita yana juyawa a falo, ya nuna taga da ita, ya nuna matarsa da ke tsaye bakin ƙofa yana dariya.

“Wayam take, ranka ya daɗe. Ban taɓa barin ta da komai a ciki ba.”

“Sauke ta dai. Ina harsasan?”

Ya laluba safa, babu. Ya leƙa bayan rediyo, babu. Gumi ya fara keto masa.

Autarsa, 'yar shekara shida, ta ɗago daga littafin zane. “Suna cikin gwangwanin ƙusoshi, Baba. Ai ka canja.”

Kunya kamar ya nutse, amma ya ƙaƙalo murmushi. “Yarinyar akwai kai. Ni ta gado.”

Jami'in bai yi dariya ba. Ya zazzage gwangwanin a tebur, ya duba takardarsa. “Goma sha biyu aka rubuta. Sha ɗaya nake gani.”

“Ɗayan yana cikin bindigar,” in ji Auta, ta ci gaba da zanenta. “Yaya ne ya koya mini sakawa. Cirewar ce ba mu iya ba.”

Jami'in ya karɓi bindigar a hankali, ya buɗe. Harsashin ya faɗo kan tayil, ya gangara ƙarƙashin kujera. Tsoro ya kama mai gyaran firiji, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya juya wajen matarsa zai yi bayani, ya tarar ta riga ta shige ɗaki tana haɗa kayan yaran.