Aron Giga Huɗu

Da sassafe Auta ta buga mini ƙofa, kwamfutarta a hannu, idonta ya yi ja.

"Baba, jiya ta sabunta kanta, yau ko shafi ɗaya ta ƙi buɗewa."

Ranar ce kamfanin da ta nemi aiki zai gana da ita ta bidiyo, kafin azahar. Yarinya ta gaji da zaman gida da takardu a akwati. Ko shayi ban kurɓa ba muka fita.

Mai gyaran bayan kasuwa ya danna nan, ya danna can, ya taɓe baki.

"Ram ɗinta giga huɗu ne, Baba. Sabuwar manhajar nan tana zaune ma ta cinye kusan uku. Ina bidiyo zai tsaya?"

"To a goge hotuna mana, wuri ya samu."

"Ba nan gizo ke saƙa ba. Hotuna suna sito, ram kuwa teburin aiki ne. Ko ka share sito tas, tebur bai ƙara faɗi ba. Huɗu za ta kunnu, takwas za ta yi aiki."

Na tsufa ina tuƙin babbar mota, na san kukan ƙaramin inji in an labta masa kaya.

"Sa mata takwas."

"Gurbi akwai, kayan ne babu. Sai jibi."

Na bi layin shago-shago. Wani a rufe, wani na babbar kwamfuta gare shi, dogo, ba zai shiga ba. Na dawo riga sharkaf. Auta ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta sake zama. Sai idona ya faɗa kan kwamfutar mai gyaran, tana nuna ƙwallo sumul.

"Wannan taka nawa ce?"

"Takwas. Huɗu-huɗu, guda biyu." Ya dube ni, ya gane. "A'a, Baba! Da ita nake cin abinci."

"Aro na ce, ba kyauta ba."

"Wa ya taɓa aron ram?"

"Yau za a fara. Ni ne jingina. In bai dawo ba, ka sayar da ni."

"Wa zai saye ka, fisabilillahi?"

Yana ƙunƙuni ya ɗauko sukundireba. Ya zare ɗan siririn abu kore daga tasa, ya maƙala a ta Auta, ya kunna. Ta buɗe kamar an tashe ta daga barci. Auta ta rungume ta ta yi gida da gudu.

Na zauna kan benci ina kaɗa ƙafa. Tasa kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya, masu jiran aiki suna tsaki, shi yana hararata. Wayata na hannu, sai juya ta nake yi. Aka kira salla, shiru.

Can ta yi ƙara.

"Baba, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba! Sun ce in fara ranar Litinin."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Maza zo ki fanshi ubanki."