Jijiya Mai Ji

Shekara tara ke nan ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma duk sanda muka zo babin naman jikin dabba, Baba ne ke haɗa mini kayan aiki. Mahaifina ne, mahauci. Zan biya ta rumfarsa da safe, ya yanko ƙafar akuya ya baje mini a kan katako: ga fata mai rufe jiki, ga tsoka mai motsi, ga kitse da guringuntsi da ƙashi masu riƙe sauran. Idan ya zo kan jijiya, nan yake gyara tsayuwa.

"Ku 'yan boko kun iya dogon suna," yakan ce. "To jijiya uku ce, uwata. Akwai mai jini, akwai mai ja, akwai mai ji."

Mai ja ita ce fara mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Mai ji kuwa tana da laushi kamar jiƙaƙƙen zare, ita ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Da yatsun hagu yake zaƙulo ta, idonsa na can yana gaisawa da mutane. Na daɗe da sace maganar nan tasa ina rubutawa a allo, ɗalibai na ganin basirata ce. Ban taɓa gaya musu mai ita ba.

Bara, ana gobe zan yi darasin, wuƙa ta zame daga ƙashi ta sare shi a wuyan hannun hagu, ta gefen ƙaramin yatsa. Mai kemis na bakin layi ya ɗinke wurin. Da na zo washegari da tirena, hannun na naɗe da bandeji, amma ya riga ya ware mini komai.

"Uwata, tsaya," ya ce. "Yatsun nan biyu na ƙarshe kamar ba nawa ba. Ko jijiya na taɓa?"

Na duba agogo. Saura minti ashirin a kaɗa ƙararrawa, shugabar makaranta kuma ba ta da wasa da lokaci.

"Jijiya ce kawai, Baba. Za ta saki."

Ban tambaye shi wacce ba. Na ɗauki tirena na yi gaba. A ranar nan, da bakina na gaya wa aji cewa fata tana haɗewa da kanta cikin kwanaki, amma mai ji idan ta tsinke sai an ɗinka ta, kuma da wuri. Har layi na ja a ƙarƙashin "da wuri". Ina ja, hannun Baba ya faɗo mini a rai, na ce zan koma da yamma. Ban koma ba.

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda ya riƙe maganata. Duk sanda Inna ta matsa masa ya je asibiti, sai ya ce, "Malama ta duba, ta ce za ta saki. Ke kin fi ta sani ne?" Ni kuma duk ƙarshen mako ina gidan. Na ga ya fara cusa hannun a aljihu. Na ga kofi ya suɓuce masa sau biyu. Na kau da kai, don in na tambaya, na san amsar da zan ji kuma na san wa za ta kama.

Bana babin ya sake zagayowa. Ina tsaye a rumfar yana feɗe ƙafar akuya, sai na ga jini yana bin katako. Akuyar da aka yanka tun safe ba ta da sauran irin wannan jinin. Ƙaramin yatsansa ne ya shiga ƙarƙashin wuƙa, shi kuwa yana ta ba ni labarin wani maƙwabcinsa yana dariya. Na kama hannun. Yatsun biyu sun lanƙwashe, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya lotsa.

A asibiti likita ya ɗan tsikari yatsun da allura, Baba ko gezau. Likitan ya tambaye mu yaushe abin ya faru.

"Shekara guda," na ce.

Ya ajiye allurar. "Da a makonnin farko kuka zo, da na yi muku alkawari. Yanzu za mu yi aiki, amma tsokar da ta daɗe ba ta samun saƙo ta riga ta rame. Riƙon wuƙa da nama irin na da, ban ce ba."

Ya jawo takarda ya fara zana mini yadda jijiyar take, yana bi a hankali don in gane.

"Kada ka wahalar da kanka, likita," Baba ya ce, har da ɗan alfahari. "Ai malamar abin ce."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Washegari Baba ya nace sai ya ƙarasa haɗa mini kayan darasi kafin a kwantar da shi. Ya ware mai jini, ya ware mai ja. Ya lalubo mai ji, amma ta ƙi riƙuwa. Sau uku tana suɓuce masa. Ya turo mini katakon.

"Sa hannunki, uwata."

Na ɗago ta. Na ce, "Baba, ranar nan na san abin da yatsun suke nufi. Na sani, ban tsaya ba."

Bai dube ni ba. Ya shimfiɗa takarda, ya naɗe naman da hannu ɗaya, ya danne bakin da gwiwar hannu.

"Na san kin sani," ya ce. "Shi ya sa ke na tambaya."

Ya ɗora ƙunshin a tirena.

"Ɗauki ki tafi, kada ki makara."