Zabin Tsamiyar Sabo

Noti na huɗu ne ya ƙi kwancewa. Sabo ya ciji leɓe ya ƙara murɗa sifana, tsanin ya yi rawa a jikin turken ƙarfen.

"Baban Nusaiba, sauko don girman Allah," in ji matarsa Kubura, tana riƙe da ƙafar tsanin da hannu biyu. "Kayan kwamiti na. Ka san abin da za a ce."

"Tsani nic ce ki riƙe, ban ce ki yi man wa'azi ba."

Kwana goma sha biyu ke nan da kwamitin tsaro na Tungar Na'ibi, wani ƙauye a bayan Dauran, ya kafa turken nan a bakin gonarsa, taku biyar daga tsamiya. A samansa fitilar sola mai mai da dare rana, ƙarƙashinta jiniya, wadda ake kaɗawa kullum da almuru da asuba don mutanen daji su san garin ba barci yake ba. Gonar Sabo ita ce ta ƙarshe. Daga ita sai kwazazzabo, daga nan sai dajin da 'yan bindiga ke fitowa.

Tun zamanin mahaifinsa garken zabin daji ke kwana a kan tsamiyar nan, da rana su sauka kiwo cikin kwazazzabo. Ba mai harbinsu, ba mai ɗaukar ƙwansu, duk garin an san wannan. Ko akuya ta motsa a can ciki, sai sun cika daji da kuka. Shekara uku da suka wuce, da kaka irin wannan, kukansu ne ya sa mutum tara suka watsar da kayan aiki suka shige gari kafin babura su hauro. A gonakin gabas, inda babu zabi, an kwashe mutum huɗu a ranar. Biyu ba su dawo ba.

Ranar da aka kunna fitilar, zabin suka yi ta kewaya gindin tsamiya sun kasa hawa. Da jiniya ta tsage da asuba, suka tashi gaba ɗaya suka nausa daji. Tun daga ranar ko gashinsu bai ƙara gani ba. Fakaru ma sun yi shiru. 'Yan ƙwadago kuwa suka ce ba zabi, ba su taka gonar. Ga gero an girbe yana kwance a ƙasa, saura yanka da ɗauri, gara ta fara cinsa daga ƙarƙashi.

Notin ya saki. Sabo ya sauko da fitilar, ya koma ya ciro jiniyar, ya ɗaure su a bayan babur. Bai bi ta bayan gari ba. Ta tsakiyar kasuwa ya bi, da hantsi, kowa na kallo.

Malam Murtala, tsohon hedimasta kuma shugaban kwamitin, yana zaune a zaurensa da 'yan kwamiti. Taubashin Sabo ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Sabo ya yi sallama, ya dire kayan a kan tabarma.

"Hedimasta, ga kayanku. Ban fasa komi ba. Ga notuna huɗu, ƙirga."

Murtala ya zare tabarau. "Sabo, hauka ta kama ka? Wa ya ba ka izini?"

"Wanda ya ba ku izinin korar man zabi."

Wani ya yi dariya. Murtala ya girgiza kai. "Kai dai tun muna yara ba ka jin magana. Mutane sun haɗa ƙarfi don a tsare rayukansu, kai kana maganar kaji. In miya kake so, sai in sa a yanka maka zakara."

"Hitilarka na gani cikin kwazazzabo? Haskenta iyakar gonata. Wanda ke cikin duhu yana ganinmu tas, mu ba mu ganin shi. Jiniyarka kuwa sai mutum ya danna, kuma ba ya dannawa sai ya ga babura. In ya gan su, ai sun iso."

"A Ƙaura haka anka yi, a Shinkafi haka anka yi."

"Su suna da zabi?"

Sufyanu, shugaban 'yan sa-kai, yana jingine da bango da bindigarsa a kan cinya. Bai ɗaga murya ba. "Baba Sabo, mutum ɗaya muka sani da ke son bakin gari shi zauna cikin duhu. Infoma."

A ƙasar nan, wanda aka liƙa wa wannan suna ba ya yawan kwana. Murtala ma sai da ya gyara zama.

Sabo ya juya ya dubi Sufyanu tun daga takalmi har hula. "Ɗan nan, ƙanena Abbati na cikin biyun da ba su dawo ba. Ni na riƙe ɗiyansa shida. Infoma ka taɓa gani ya ɗauko kaya da rana tsaka ya kawo ƙofar shugaba? In harbi na, ka san gonata. Can nike kwana, can nike wuni."

"Ya isa," in ji Murtala. "Mai haɗa wayar hitilar zai zo daga Zurmi gata. Za a mai da ita inda take. In ka ƙara taɓa ta, Sabo, ba ni iya tare maka kowa."

"Ban roƙe ka ba."

Kwana biyu shi da Kubura kaɗai suka yi ta yankan gero. A masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu ya riƙa barin tazara. Mai shayi in ya hango shi sai hira ta mutu. Ita Kubura, kowane dami suka ɗaure sai ta miƙe ta dubi kwazazzabo. Shi kuwa kowace yamma sai ya murje zangarniya biyu ya watsa tsabar a gindin tsamiya. Safiya ta biyu ya tarar an tsince ta. Ya durƙusa ya daɗe yana duban sawu a cikin rairayi, yatsu uku-uku, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da aka ce, bayan la'asar, sai ga Murtala da Sufyanu da mai haɗa waya ɗauke da tsani. Suka tarar da Sabo zaune a gindin turke, ya jingina bayansa da shi, yana wasa wuƙar yankan gero a kan dutse.

"Tashi, Sabo," in ji Murtala.

"Gonata ta. Inda nike so nan nike zama."

"Kar ka sa a ɗaga ka kamar buhu gaban matarka."

"A ɗaga. Ku tahi in sake hawa. Ku mai da, in sake cirewa. Mu gani wa za ya gaji, ni ko mai zuwa daga Zurmi."

Sufyanu ya matso ya kama masa kafaɗa. Kubura ta yar da igiyar ɗauri ta taso.

Sai kwazazzabo ya ɓarke da kuka.

Ba zabuwa ɗaya ba, garke guda, kuka mai kartar kunne kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ba wanda ya tsaya tambaya. Sabo ya fizgi hannun Kubura suka kwanta a bayan tarin kara. Mai haɗa waya ya saki tsani. Sufyanu ya zube a bayan kunyar gero ya saita bindiga. Malam Murtala kuwa ya tattare babbar riga ya yanki gona, hula ta faɗi nan, takalmi ɗaya can, bai waiwaya ba sai da ya kai gindin gawon Magaji, wajen rabin hanyar gari.

Suka kwanta suna saurare. Zabin ba su fasa ba. Aka ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala ya sallaci raka'a huɗu a natse, sannan kunnen jaki ya ɓullo daga bakin kwazazzabo. Bayansa tsohuwa Saude mai itace, tana tafe tana zagin jakin.

Ta tsaya ta dube su a kwance. "Lahiya, ɗiyana? Mi ya same ku?"

"Lahiya lau, Inna," in ji Kubura, tana kakkaɓe zane.

Murtala ya dawo a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana haki. Sabo ya ɗauki hular ya buge mata ƙasa ya miƙa masa.

"Hedimasta, kaji na hwa. Ina za ka?"

Murtala ya karɓi hular. Ya dubi kwazazzabo, ya dubi nisan da ya yi a guje, ya dubi jakin da sai yanzu yake shigowa gonar.

"Malam, in hau?" in ji mai haɗa waya.

"Ɗauki tsaninka. Akwai duhu bakin rijiyar mata, a can za a sa hitilar. Jiniyar kuma kwamiti zai zauna."

Suka tafi su biyu. Sufyanu bai bi su ba. Ya daɗe yana goge ƙasar da ta shiga bakin bindigarsa, idonsa a ƙasa.

"Baba Sabo, gobe mutum nawa kake so su zo yankan gero?"

Sabo ya ɗauki zangarniya biyu ya fara murzawa a tafin hannu. "Shida. Kuma duk mai zuwa shi kashe babur tun daga bakin gari, shi ƙaraso da ƙafa."